Wanda Zai Fara Suma

Duk wanda ya yi samartaka da rediyo a gidansu ya san Dama da Hagu. Mawaƙa ne biyu da suka shekara talatin suna hawa dandamali tare, ɗaya ya tsaya ta dama, ɗaya ta hagu, har mutane suka manta sunayen da iyayensu suka raɗa musu. Hagu shi ne mai jita, mutum ne marar hayaniya, in ka gaishe shi sai ya ɗan yi tunani kafin ya amsa. Dama kuwa Allah ya ba shi murya, ya kuma haɗa masa da baki. In yana ba da labarin kansa, sai ka rantse shi ya koya wa tsuntsaye kuka.

Ana saura 'yan makonni su yi babban wasansu na cika shekara talatin, suna cikin gwaji a garejin gidan Dama, sai Hagu ya jingine jitarsa a jikin tsohuwar firij, ya ce, "Mutumina, daga wannan wasan na ajiye waƙa."

Dama ya yi dariya. Da ya ga ba a taya shi ba, ya tsaya.

Hagu ya ce, "Gwiwata ta gaji, yatsuna sun gaji. Kuma ka dubi masu zuwa kallonmu. A da in muka hau, 'yan mata suma suke yi, a fitar da su a kafaɗa. Bara fa? Wani a layin gaba barci ya yi, har da minshari."

"Lumshe ido ya yi don daɗi."

"Matarsa ce ta tashe shi ya sha magani. In mun gama waƙar ƙarshe zan sanar da jama'a, mu rabu da su da mutuncinmu."

Ya ɗauki jitarsa ya fita. Dama ya zauna a kan akwatin lasifika, tsoro ya kama shi sosai. Yana gaya wa 'yan jarida cewa shi ne injin motar, Hagu taya ce kawai, amma ya sani in babu jitar nan a kunnensa na hagu, bai san inda zai shiga waƙa ba, balle inda zai fita. Ban da haka ma, ba shi da wani aboki a duniya da zai iya jure surutunsa daga safe zuwa yamma.

Wani mai hankali da sai ya bi abokinsa ya roƙe shi. Dama kuwa ciki ya shiga, ya tarar da matarsa tana goge masa kwat ɗinsa mai ƙyalli, ya ce, "Suma yake so? Suma zai gani. In ya ga mutane suna zubewa saboda mu, da bakinsa zai ce a ƙara shekara talatin."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baban yara, wa zai suma maka? Masoyanka in sun faɗi sai an kira 'ya'yansu kafin su tashi."

"Ke ba ki san harkar ba. Ni na kawo suma wajen wasa. Kafin ni, mutane tafi kawai suke yi su koma gida."

"To Allah ya ba da sa'a. Mai rabon shan duka dai ba ya jin bari."

Da mai askin bakin layi ya fara. Ya ja shi bayan shago ya yi masa bayani: akwai waƙarsu da ta fi kowace fita, mai suna Kar Ki Tafi da Laimata, in ya kai wajen da yake ɗaga murya sama, sai a zube. Mai aski ya ce shi magidanci ne, ba zai kwanta a ƙasa a gaban jama'a ba.

Dama ya ce, "Kai ne fa za ka fara. Na farko shi kyamara take ɗauka. Sauran duk rakiya za su yi maka."

Mai aski ya gyara wuyan riga, ya tambaya ko ta wane gefe fuskarsa ta fi kyau.

Daga nan sai shagon tela. Tela ya ce shi kayansa ba sa son ƙura, ya ci gaba da taka kekensa. Dama ya sunkuya ya raɗa masa cewa shi zai fara, na farko shi kyamara take ɗauka, amma kada ya gaya wa kowa. Keke ya tsaya cak.

Yana dawowa gida ya tarar da Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune a ɗakin sama, ta sauko da sandarta tana jiransa a tsakar gida. Ta ji maganarsa da matarsa ta taga, ta kuma hango shagunan da ya shiga.

"Ni ka tsallake? Ni da na yi maka wanka, na goye ka, kana yi mini fitsari a baya? Ka je ka ɗauko bare su suma maka?"

"Haba Gwaggo, ai ke na ajiye wa babban matsayi. Ke ce ta farko."

Da ta koma sama, ya ba matarsa labarin yadda ya yi da mai aski da tela, ta ce, "Mutum uku ka ba kujera ɗaya."

Ya ce, "Shi ake kira iya shugabanci. Kowa ya ji shi ne babba, sai ya yi aiki da zuciya ɗaya."

Ranar gwaji gareji ya cika taf. Mai aski ya zo da masu zaman hira a shagonsa, tela ya zo da 'yan ƙungiyarsu ta teloli, Gwaggo ta gayyato ƙawayenta da suke haɗuwa a layin awon hawan jini. Aka shimfiɗa katifu. Dama ya hau akwatin lasifika ya ce musu suma ilimi ce, akwai ta zaune, akwai ta tsaye, akwai mai juyi wadda sai ƙwararru. Ya ce bari ya nuna musu mai juyin. Ya dafe ƙirji, ya juya, ya wuce katifa, ƙeyarsa ta daki firij, ƙofarta ta buɗe, robar ƙanƙara ta faɗo masa a ciki.

Ya miƙe yana murmushin dole. "Wannan ita ce yadda ba a yi. Kun gani ko? To a kiyaye."

Mai aski ya fito. Shi bai san lanƙwasa gwiwa ba, a miƙe ya tafi kamar ƙyauren da ƙusarsa ta cire, ya tafi da fanka, fanka ta tafi da wata daga cikin ƙawayen Gwaggo. Tela kuma sai da ya zaro jarida daga aljihu, ya shimfiɗa ta a kan katifa, ya ɗage wandonsa kada karin guga ya ɓaci, sannan ya kwanta a hankali.

"Malam tela, wanda zai suma ba ya shimfiɗa."

"Wanda zai suma bai san kuɗin yadin nan ba."

Gwaggo ta fi kowa tsari. Ta cire tabarau ta sa a gidansa, ta miƙa wa ta kusa da ita jaka, ta zauna, ta gyara zane, ta kishingiɗa, ta ce, "To, na suma."

"Gwaggo, wanda ya suma ba ya magana."

"A zamaninmu muna yi. Kai yaushe aka haife ka?"

Aka yi ta yi har suka fara iyawa. Dama ya ɗaga murya, gareji ya zube gaba ɗaya. Ana cikin wannan zubewar ƙofa ta buɗe, sai ga Hagu ya dawo ɗaukar wayar jitarsa da ya manta. Ya tsaya ya dubi mutane kwance ko'ina, ya dubi abokinsa a kan akwati da ƙulu a ƙeya.

Dama ya ce, "Motsa jiki ne. Na ciwon baya. Ni nake koya musu."

Hagu ya tsallake mai aski, ya tsallake teloli biyu, ya gaida Gwaggo, ta amsa daga kwance. Ya ɗauki wayar jitar, ya ce, "In yana maganin gwiwa ku sa da ni." Ya fita.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma wanda ya ba mai aski ajiyar sirri ya zuba ruwa a kwando. Tela ya je aski ana gobe wasa, mai aski yana tsakiyar aske masa kai ya ce, "Gobe in ka ga na tafi, ka ɗan jira kaɗan kafin ka biyo, kada ka tare mini kyamara." Tela ya ce wa zai biyo wa? Suka yi ta yi, rabin kai a aske. Da yamma Gwaggo ta je karɓar ɗinkin da za ta sa, tela ya kai mata ƙara, ta ce su duka biyun yara ne, ita aka ba. Babu wanda ya je ya tambayi Dama. Kowa dai ya ƙudura a ransa cewa gobe ba za a riga shi ba.

Ranar wasa da la'asar, Dama yana ɗakin shiri a saman zauren da za a yi wasan, ya sha kwat mai ƙyalli da baƙar malafarsa, yana yi wa manajan zauren lacca. Manajan wani siriri ne mai yawan fargaba, wanda ko kujera ta yi ƙara sai ya tambayi wa ya ji ciwo.

"Yallaɓai manaja, ka tanadi ruwa da mafici. Yau za ka ga abin da tun da aka gina wurin nan ba a gani ba."

Hagu yana gefe yana ɗaure wayoyin jita. Dama ya leƙa ta taga don ya ƙoshi da kallon layin masu shiga. Layi ya yi tsawo har filin ajiye motoci, wasu ma sun riga sun shiga sun zauna. Can ya hango mai aski da mutanensa dab da mai karɓar tikiti, tela da ƙungiyarsa a bayansu. Ya ga tela ya sa hannu a aljihu ya zaro jarida. Mai yiwuwa fifita zai yi, don ana zafi. Amma mai aski ya waiwayo ya ga jaridar.

Bai tsaya wata-wata ba, ya tafi a miƙe. Mutanensa suka ga shugaba ya tafi, suka bi shi.

Muryar tela ta taso har sama: "Ba a fara ba. Wallahi ba a fara ba, wannan zalunci ne." Da ya ga babu mai saurarensa, ya yar da jaridar ya zube a ƙasa tsagwaronta, teloli suka zube a kansa. Ƙawayen Gwaggo da ke can baya suka fara cire tabarau.

Dama ya dafe taga. Ya ce a hankali, "Ba yanzu ba. Ku tashi. Ko laimar ba a ɗauko ba."

Manaja ya ce, "Me kake kallo?" Ya leƙa. Ya ƙara leƙawa. Ya toshe hanci da hannun riga. "Iskar gas ce. Na faɗa musu bututun nan na kicin ya tsufa. A fitar da kowa."

"Yallaɓai, ba gas ba ne, ƙauna ce. Haka suke yi mana."

"Ƙauna a layin tikiti? Ko fuskarku ba su gani ba."

Ya danna ƙararrawar gobara. Waɗanda suka shiga suka fito suna tari, ko da yake babu abin da suka shaƙa. Wani dattijo ya rantse tun da ya zauna yake jin wari, wata ta ce ita har idonta ya fara yaji. Kafin Dama da Hagu su sauko, 'yan kwana-kwana sun iso, motar asibiti ta iso, an ja igiya an rufe ƙofar zaure. Ma'aikatan agaji suka jera sumammu a filin motoci, layi-layi, suna yi musu fifita da kwali.

Sai ga tasi ta shigo a guje tana ta hon. Direba ya fito yana kuka da hawaye, yana cewa wata tsohuwa ta mutu masa a mota, shi ko saninta bai yi ba. Aka buɗe ƙofar baya, ga Gwaggo a kishingiɗe, tabarau a gidansa, jaka a ƙarƙashin kai. Aka ciro ta aka kwantar kusa da mai aski.

Dama ya tsaya bayan motar 'yan kwana-kwana yana lissafi. In dai kowa ya ci gaba da kwanciya ya yi shiru, za a ce gas ne, a ɗora wa bututu laifi, shi ya fita fes. Har ya fara jin cewa dabarar ba ta lalace duka ba. Ya taɓa Hagu ya ce, "Ka gani ko? Tun ba mu buɗe baki ba."

Hagu ya ce, "Wancan ba telan layinku ba ne mai ciwon baya?"

Kafin ya sami amsa, wata 'yar jarida ta ratso da mai kyamara a bayanta. An turo ta ɗaukar wasa, ta samu abin da ya fi wasa. Ta tsaya a kan sumammu, ta miƙa wa shugaban 'yan agaji makirufo, ta ce, "Ko za ka gaya mana wanda ya fara faɗuwa?"

Mai aski ya tashi zaune. "Ni ne."

Tela ya tashi. "Satar fage ya yi. Ni aka ba, kowa ya ga ni na fara ciro jarida."

Gwaggo ta buɗe ido ɗaya. "Ku rufe mana baki. Ni tun a shataletale na suma, ga direba nan shaida."

Direba ya daina kuka. 'Yar jarida ta ce, "Wa ya ba ku?"

Hannu uku suka nuna bayan motar 'yan kwana-kwana. Sauran sumammu ma suka tashi suna kaɗe jiki, kowa yana faɗin yadda aka koya masa a gareji, har wata tana nuna wurin da fanka ta buge ta. Jama'ar da suka sayi tikiti suka juyo gaba ɗaya. Kwat mai ƙyalli kuwa ba kayan ɓuya ba ne.

Dama ya fito yana gyaran murya. "Jama'a, ku kwantar da hankali. Wannan gwajin tsaro ne na shirya, don in ga ko ma'aikatan wurin nan a shirye suke. Kuma na yaba."

Manaja ya ce, "Ka yaba? An rufe mini zaure sai masu bincike sun duba kowane bututu. Yau babu wasa."

Wani daga cikin jama'a ya ce shi tun safe ya bar shan maganinsa mai sa barci saboda wasan nan. Wata ta ce ta tsufa da waƙoƙinsu, ba ta san za a rama mata da hayar 'yan suma ba. Gwaggo ta ce ita ba haya aka yi ta ba, zumunci ne. Matar Dama tana tsaye da robar ruwa a hannu, ta dube shi kawai, ya kawar da kai.

Hagu ya karɓi lasifikar hannu daga wajen manaja. Filin ya yi tsit, don mutane da yawa ba su taɓa jin ya yi magana ba.

Ya ce, "Ku yi haƙuri. Abokina ne, haka Allah ya yi shi. Akwai maganar da na so in gaya muku bayan waƙar ƙarshe, to tun da ga ku, bari in faɗa. Ni na ajiye waƙa. Na gode muku."

Dama ya san maganar tana zuwa, amma jin ta a lasifika daban ne. Ya ga motoci suna juya masa a ido. Ya buɗe baki zai ce wani abu, a karo na farko a rayuwarsa babu abin da ya fito. Ya sulale ya faɗi a kan kwalta.

Sauran labarin matarsa ce ta ba shi daga baya. Ta ce babu wanda ya motsa. Jama'a suka yi tsaki. Mai aski ya zagaya shi ya ce gwiwa ta lanƙwashe da wuri. Tela ya ce ko juyi babu, kuma ya kashe kwat. Gwaggo ta zungure shi da sanda ta ce ya tashi, an riga an ba da na ɗaya. Su 'yan agaji ma naɗe kayansu suka ci gaba da yi.

Hagu ne kaɗai ya lura malafar ta gangara ƙarƙashin wata mota, ga wani sanƙo fes yana ɗaukar rana a gaban kyamara, kuma hannun Dama bai tashi ya rufe ba. Shi da matar Dama kawai suka san da sanƙon nan a duniya, ko mai aski gefe-gefe ake ba shi. Hagu ya yar da lasifika, ya durƙusa a kan gwiwar da yake kuka da ita, ya cire rigarsa ta sama ya rufe kan tukuna, sannan ya ce, "Kawo ruwan nan. Wannan ta gaske ce."

Da Dama ya farfaɗo, fuskar Hagu ya fara gani. Ya ce da ƙaramar murya, "Mutum nawa suka suma?"

"Ɗaya."

Hawayen kunya da baƙin ciki ya gangaro wa Dama ta gefen kunne. "Da gaske tafiya za ka yi?"

Hagu ya daɗe yana tunani, kamar yadda ya saba. Ya dubi jama'ar da ke watsewa, ya dubi ƙofar da aka ɗaure da igiya. "Zan tafi. Amma cewa na yi daga wannan wasan, wasan kuwa ba a yi ba. Ba zan ajiye aikin shekara talatin a filin motoci ba. In manaja ya sake ba mu rana, mu yi wa mutanen nan waƙarsu, sannan in tafi."

"Wato sai an yi wasan."

"Sai an yi."

"In ba a yi ba fa?"

Hagu ya ce, "Mutumina, na ga idonka. Kwanta."

Amma Dama ya riga ya tashi zaune, riƙe da rigar a kansa da hannu biyu. Ya waiga ya hango manaja yana sa hannu a takardun 'yan kwana-kwana. Ya kira shi cikin ladabi.

"Yallaɓai manaja, tambaya ce kawai. Ban da gas, me kuma yake sa a rufe zaure?"